Mas'alar Wanda Ya Nufi Kashe Sankara da Yunwa

Akwai wata mas'ala da ta daɗe tana yawo a tsakanin Musulmin Tamale, daga Zangon Hausawa har rumfunan kasuwar Aboabo, tana kuwa ƙara ƙarfi duk sa'ad da Sha'aban ya raba tsakiya aka fara shirin azumi, ita ce ta mutumin da likita ya tabbatar masa yana da sankara, watau ciwon daji, sa'an nan wani masoyinsa, ko wani saƙo da ya faɗo masa a wayar hannu ba a san mafarinsa ba, ya gaya masa cewa masanan Turai da bakinsu sun ce sukari shi ne abincin wannan ciwo, saboda haka in ya kame bakinsa daga tuwon zafi da shinkafa da doya da koko, ko ya jera azumi na makonni, ciwon zai mutu da yunwa tun shi bai galabaita ba. Da maganar ƙarya ce zalla da tuni an binne ta. Abin da ya raya ta shi ne rabinta gaskiya ne wanda aka tabbatar tun shekara ɗari da suka wuce, sauran rabin kuwa ƙiyasi ne da aka ɗora bisa gaskiyar ba tare da an cika sharuɗɗansa ba, kuma da yake ƙiyasin ya zo sanye da rigar ibada, mutane da yawa suna jin nauyin musa shi, sai ka ce wanda ya musa shi azumi ya raina.

Ba wuya a gane dalilin da ya sa maganar ta sami gindin zama a wannan gari. Babban asibitin Tamale, wanda aka buɗe a 1974, daga baya ya zama asibitin koyarwa ga ɗaliban likitanci na Jami'ar Nazarin Ci Gaba da aka kafa a 1992, shi ne maƙurar da ake tura marasa lafiya daga arewacin Gana, daga Yendi da Salaga da Walewale har Bolgatanga da Wa. Ana fiɗa a cikinsa, ana ba da allurar kemo, amma injin gasa ƙari da haske, wanda aka girka a Korle Bu ta Akara a 1997, aka kuma girka a asibitin Komfo Anokye na Kumasi a 2004, shekara da shekaru sai wanda ya iya gangarawa kudu yake samunsa, alhali Kumasi tafiyar kusan kilomita 380 ce, Akara kuwa kimanin 600, ga kuɗin mota, ga masauki na makonni, ga ɗan jinya da zai bar gona ko rumfa ya bi shi. Manomin gyaɗa da aka karanta wa wannan lissafi, in aka zo masa da wani magani wanda ba ya bukatar kuɗin mota, ba ya bukatar masauki, har ma ana ce masa akwai lada a ciki, ai ba wauta ce ta sa ya karkata gare shi ba. Tamale kuwa gari ne na malamai da almajirai, garin da Afa Ajura ya kafa makarantar Anbariyya, inda akan fara auna al'amari da mizanin addini kafin a auna shi da wani mizani. Saboda haka amsar da aka bayar da harshen likitoci kaɗai ba za ta isa ba.

To, bari mu fara da rabin da yake gaskiya, mu ba shi haƙƙinsa cikakke. A shekarun 1923 da 1924 wani masani Bajamushe mai suna Otto Warburg, a birnin Balin, ya riƙa yanka ƙari siriri-siriri yana auna abin da yake sha da abin da yake fitarwa, sai ya ga wani abin mamaki. Lafiyayyar ƙwayar halitta, in ta sami sukarin jini, wanda ake kira gulukos, takan ƙone shi ƙurmus da iskar oksijin a cikin wasu 'yan ɗakuna nata da ake kira mitokondiriya, ta sami awo kimanin 30 na ƙarfi daga kowace ƙwayar sukari. Ba ta komawa ga tsamar da sukari, wanda awo 2 kacal yake bayarwa, sai in iska ta yi mata ƙaranci, kamar yadda ke faruwa a cinyar mai gudu. Ƙwayar sankara kuwa, ko iska ta wadace ta, sai ta zuƙi sukari ninkin-ba-ninkin abin da maƙwabtanta suke sha, ta fasa shi rabi da rabi, ta zubar da saura a matsayin sinadarin tsami irin na nono. Warburg ya karɓi kyautar Nobel a 1931 saboda aikinsa a kan numfashin ƙwayar halitta, kuma har ya mutu a 1970 yana kan ra'ayin cewa lalacewar wannan numfashi ita ce ummul'aba'isin sankara. A nan masanan da suka biyo bayansa suka saɓa masa, gama sun tarar cewa a yawancin sankara 'yan ɗakunan nan suna aiki, kuma tushen ɓarnar yana cikin ƙwayoyin gado da suka gurɓace. Amma abin da ya gani da idonsa bai tashi ba, har yau na'urar hoto da ake kira PET da shi take aiki, a ɗura wa mutum sukari mai alama a jijiya, inda duk aka ga ya taru fiye da kima sai a ce a duba nan.

Tambayar da ta dami masana shekaru masu yawa ita ce, me zai sa halitta mai gaggawar girma ta zaɓi hanyar da ta fi asara? Amsar da aka fi yarda da ita yanzu, wadda wasu masana uku na Amurka, Vander Heiden da Cantley da Thompson, suka tsara ta a 2009, ita ce abin da muka ɗauka asara riba ce ga mai wata manufa. Wanda ya sami itace yana son ɗumi da girki, ƙone shi yake yi har ya zama toka. Wanda kuwa yake da ɗakuna da zai rufa, kaɗan zai sa a murhu, sauran ya ajiye su azara, gama toka ba ta rufa ɗaki. Ƙwayar da za ta rabu biyu tana bukatar ta ninka duk abin da ke cikinta, fatarta da kitsenta da littafin gadonta, kuma daga gutsattsarin sukarin da ba a ƙone ba, da wani sinadari mai suna gulutamin, take samun kayan wannan gini.

A nan ne mas'alar ta fita daga hannun likita ta shiga hannun mai tunani, domin wannan hanyar cin sukari ba sankara ce ta ƙago ta ba. Da ita ɗan tayi yake girma a mahaifa, da ita miki yake cikowa ya warke, da ita sojojin jini suke ninka kansu cikin kwana kaɗan in cuta ta shigo jiki. Baiwa ce da Mahalicci ya ajiye a cikin kowace ƙwaya domin lokacinta, aka yi mata linzami da ƙa'ida, a buɗe ta in bukata ta zo, a rufe ta in bukata ta wuce. Sankara kuwa ba komai ba ce face wannan baiwa da linzaminta ya tsinke, take aiki a inda ba muhallinta ba kuma a lokacin da ba nata ba. Wanda ya fahimci wannan zai ga cewa abokin gaban nan ba baƙo ba ne irin tsutsar ciki ko ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, waɗanda halittarsu dabam take da tamu har a iya samun dafin da zai kashe su ya bar mu. Wannan namanmu ne, jininmu yake sha, abin da ke raya shi shi ke raya mu, abin da ke kashe shi kuwa galibi yana iya kashe mu. Duk wahalar ilmin maganin sankara, tun daga farkonsa har yau, a cikin wannan jumla take.

Tsofaffin likitocin Musulunci, waɗanda suka gaji Jalinusa, likitan Yunanawa, sun ɗauka sankara daga rinjayen sauda take, ɗaya daga ruwaye huɗu na jiki, shi ya sa suka ba da ƙarfi ga himya, watau kiyaye ciki daga abincin da suke ganin yana haifar da ita. Amma ko su ba su ce himya tana kawar da ƙarin da ya riga ya kafu ba: Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi nuni da a yanke shi tun yana ƙarami a tumɓuke saiwoyinsa, Azzahrawi na Ƙurɗuba kuwa ya faɗa a fili cewa wanda ya tsufa ya girma bai taɓa warkar da shi ba, bai kuma ga wanda ya warkar ba. Maganar nan da ta shahara a bakin masu wa'azi, mai nuna cewa ciki shi ne gidan cuta, kiyaye shi kuma shi ne kan magani, Ibnul Ƙayyim ya bayyana cewa zancen Harisu ɗan Kalada ne, likitan Larabawa, bai inganta daga Manzon Allah ba, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Haka ruwayar da ke haɗa azumi da samun lafiya malaman hadisi da dama sun raunana isnadinta. Ban kawo wannan domin in rage darajar azumi ba, Allah ya kiyaye. Azumi bai bukaci a jingina shi da asibiti kafin ya zama rukuni. Na kawo shi ne domin a san cewa mai cewa yunwa tana warkar da sankara ba shi da nassi a hannunsa, sai ƙiyasi, ƙiyasi kuwa ana iya tuhumarsa ba tare da an taɓa imani ba.

Ga kuwa inda ƙiyasin ya karye. Ya ginu bisa zaton cewa in baki ya daina karɓar sukari jini zai rasa shi, alhali jikin ɗan Adam ba haka aka tsara shi ba. Ƙwaƙwalwa kaɗai tana cin kimanin giram 120 na gulukos a yini a halin al'ada, jajayen ƙwayoyin jini kuwa ba su da wani abinci sai shi, saboda haka jiki yana tsaron ma'aunin sukarin jini da dukan ƙarfinsa. In abinci ya yanke, hanta takan fara da ajiyarta, in ta ƙare ta koma narkar da tsokar jiki tana mayar da ita sukari. Har wa yau, tsamin nan da ƙarin yake zubarwa hanta ce ke kwashe shi ta sake gina shi ya zama sukari da ƙarfin jikin majinyacin, bisa zagayen da Carl Cori da matarsa Gerty suka bayyana, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1947, sa'an nan ƙarin ya sake zuƙe shi. Ƙwayar sankara kuwa ta fi sauran ƙofofin shigar da sukari, kuma in ya yi ƙaranci tana iya juyawa ga gulutamin ko kitse ko ma tsamin kansa. Sakamakon haka shi ne, yunwar da aka nufi ciwo da ita a kan mai ciwon take sauka: cinyoyi su zube, kafaɗu su fito, jini ya ragu, har ranar da ya isa gaban likita a ce jikinsa ba zai ɗauki fiɗa ko allura ba sai ya farfaɗo, ciwon kuwa ba ya jiran kowa ya farfaɗo.

Imamu Gazzali, wanda ya rasu a 1111, a babin tawakkali na littafinsa Ihya'u, ya kasa sabubban kawar da cuta kashi uku: akwai tabbatacce, ya ba da misali da ruwa ga mai ƙishirwa da gurasa ga mai yunwa, ya ce barin wannan ba tawakkali ba ne, haramun ne ma in ana tsoron mutuwa, akwai wanda ake kyautata zaton amfaninsa, kamar ƙaho da shan magani bisa ilmin likitoci, akwai kuma na wahami, wanda zuciya ke rayawa ba tare da hujja mai ƙarfi ba. In muka ɗora mas'alarmu a kan wannan mizani, hukuncinta ya fito ba tare da wahala ba, gama mutumin nan ya saki sababi na kashin farko, watau abinci, ya kuma yi sakaci da na kashi na biyu, watau asibiti, domin ya riƙe na kashi na uku. A ganina wannan ita ce amsar da ta kamata malami ya bayar in an tambaye shi a zaure, kuma amsa ce da ta girmi Warburg da shekara ɗari takwas.

Amma fa kada a ɗauka masana sun yar da tunanin hana sankara abinci. Sun riƙe shi, har ma yana cikin mafarin maganin allura, sai dai sun gane cewa aikin na tantancewa ne, a nemo abu guda da ƙwayar ciwo take matsananciyar bukatarsa fiye da lafiyayya, a toshe wannan kaɗai, a bar majinyaci ya ci ya ƙoshi. A asibitin yara na Boston wani likita, Sidney Farber, ya ba yara masu sankarar jini wasu sinadarai dangin folik, wanda ke taimakon gina jini, sai ya ga kamar ciwon ƙara gudu ya yi. Maimakon ya tsaya ga baƙin cikin abin, sai ya juya tunanin, ya nemi wani masanin haɗa magunguna ɗan Indiya, Yellapragada Subbarow, ya ba shi jabun folik, wanda ƙwaya za ta karɓa tana zaton abinci ne ya toshe mata hanyar gina littafin gadonta. A 1948 ya ba da rahoton yara 16, goma daga cikinsu ciwon ya ja da baya na ɗan lokaci, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Ƙanin wannan magani, metotireksat, shi ne a 1956 ya warkar da wata irin sankarar mahaifa da ta riga ta bazu, kuma yana cikin magungunan farko da aka gwada a kan ƙarin nan mai kumbura muƙamuƙin yara, wanda Denis Burkitt ya siffanta a Kampala ta Yuganda a 1958, wanda kuma ya daɗe yana kan gaba cikin sankarar yara a Gana, har aka kafa masa aikin bincike na musamman a Korle Bu tun cikin shekarun 1960.

Misalin da ya fi wannan tsabta shi ne na asfarajinas. A 1953 John Kidd a birnin New York ya lura cewa ruwan jinin ɓeran Masar yana narkar da wata irin sankara a jikin ɓeraye, bayan shekaru kaɗan John Broome ya gano sirrin: akwai wani tubalin gina nama mai suna asfarajin, wanda lafiyayyun ƙwayoyi suke iya ƙera wa kansu, amma ƙwayoyin wata irin sankarar jini ta yara ba sa iya ƙera isasshe, sai sun tsinta daga jini. In aka ɗura wa yaro sinadarin da ke share asfarajin daga jini, lafiyayyu su koma ƙera nasu, masu ciwo su rasa. Wannan yunwa ce ta gaskiya da aka aika wa sankara, ta kuma isa inda aka aike ta, kuma wannan magani yana cikin haɗin da ya sa a ƙasashe masu wadata kusan tara cikin goma na yaran da ke da wannan ciwo suke rayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a irin waɗannan ƙasashe fiye da kashi 80 cikin ɗari na yara masu sankara suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai kashi 30 ba, shi ya sa a 2018 ta kafa burin kaiwa kashi 60 kafin 2030, Gana tana cikin ƙasashen da aka fara da su. A ƙarshen 2021 aka ba da sanarwar shigar da sankarar yara iri huɗu cikin inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2003, har da ƙarin Burkitt da wannan sankarar jini. Wannan labari ne da ya fi cancanta a yaɗa shi a masallatan Tamale fiye da labarin sukari.

Ba kowane yunƙuri ne ya ci nasara ba. Jabun sukari da aka gwada tun shekarun 1950 ya zamana adadin da zai dami ƙari yana damun mutum. Metfomin, maganin ciwon sukari mai araha wanda aka ɗora wa buri mai yawa, an gwada shi a kan mata fiye da 3,000 masu sankarar mama ƙarƙashin jagorancin likitocin Kanada, sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna bai hana ciwon dawowa ba. Maganin toshe gulutamin shi ma ya kasa a gwajin sankarar ƙoda a 2021. Ana kuma gwada taƙaitaccen rage abinci na 'yan kwanaki gab da allurar kemo, a ƙarƙashin idon likita, kamar yadda aka yi a Holan, inda mata da yawa suka kasa kai tsarin ƙarshe. Babu kuwa mai gwajin da ya ce wannan ya maye gurbin magani.

Sau da yawa nakan ji masu wa'azi suna buga misali da ƙwayar sankara a kan nafsu mai umurni da mugun aiki, mai haɗama, mai cin rabon maƙwabta, wadda ba ta ladabtuwa sai da yunwa. Misalin yana da daɗin ji, amma ina jin tsoronsa. Nafsu tana ladabtuwa da yunwa ne domin tana tare da hankali da nufi, tana jin zafin hani ta tuba. Ƙwayar halitta kuwa ba ta da hankali, ba ta da niyya, ba a ɗora mata taklifi ba, ba ta kwaɗayi, umurnin da ya gurɓace a cikinta kawai take bi. Hatsarin misalin shi ne yakan zame daga ƙwayar ya faɗa kan mai ita, a fara raɗa cewa ai shi ma ya cika ciye-ciye, ko wani zunubi ne ya kama shi, alhali yaro ɗan shekara shida mai kumburin muƙamuƙi bai yi israfin komai ba, Annabi Ayuba kuwa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ba don laifi aka jarrabe shi ba. In ma dole sai an nemi misali daga shari'a, to, wanda ya fi kusa shi ne hukuncin ɓangaren Musulmi da ya fita daga ɗa'a, wanda Surar Hujurati ta nuna manufar yaƙarsa ita ce ya dawo kan hanya a yi sulhu, gama a cikin sababbin magunguna akwai wanda haka yake aiki. A 2008 masana a Jami'ar Johns Hopkins suka gano gurɓacewar wani ma'aikacin sinadari mai suna IDH a ƙarin ƙwaƙwalwa, a 2009 aka gan ta a sankarar jini ta manya, inda take cikin kimanin mutum ɗaya daga biyar na masu wannan nau'i, aka kuma gano cewa gurɓataccen ma'aikacin yana ƙera wani baƙon sinadari da ke taruwa ya hana ƙwayar balaga, ta tsaya a ƙuruciya tana ta haihuwar irinta ba ta aikin komai. Magungunan da aka halatta a Amurka domin wannan, enasidenib a 2017 da ibosidenib a 2018, da borasidenib na ƙarin ƙwaƙwalwa a 2024, suna toshe bakin ma'aikacin ne, sai a ga, a sankarar jini, ƙwayoyin da suka yi tawaye sun ci gaba da girma sun zama jini mai amfani. Ba su warkar da kowa ba, suna da nasu hatsari, tsadarsu kuwa ta fi ƙarfin aljihun mutumin Savelugu nesa ba kusa ba. Misalin ma misali ne kawai, ba hujja ba.

Game da azumin Ramadan kansa, fiƙihun da aka karantar a zaurukan ƙasar nan tun zamanin fataken goro na Salaga bai bar shubuha ba. Ayoyin azumi a Surar Baƙara sun ba majinyaci rangwame ya sha ya rama, malaman Malikiyya kuwa, kamar yadda yake a Muhtasar na Halilu, sun halatta shan azumi ga wanda ya ji tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa, sun kuma wajabta shi ga wanda ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani. Abin dogaro a nan shi ne faɗar amintaccen likita ko abin da mutum ya jarraba a jikinsa. Akwai mai sankarar da ya gama magani ya murmure, likitansa ya ga ba laifi ya yi azumi, wannan ya yi abinsa Allah ya karɓa. Akwai kuma wanda yake tsakiyar allura, wadda wata irinta ƙoda ba ta jure mata sai da ruwa mai yawa, a garin da zafin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40. Wannan in ya dage, ya bar wajibi ne yana zaton azima ya riƙe. Wanda kuwa ba a sa ran zai iya ramawa, sai ya ciyar da miskini mudun Annabi a madadin kowace rana, abin da wasu mazhabobi suka wajabta, Malikiyya kuwa suka ɗauke shi mustahabbi.

Mutanen Tamale sun san darajar ciyar da majinyaci ba sai an karanta musu ba, gama a garinsu Dokta David Abdulai, Kirista ɗan Katolika, ya buɗe asibitin Shekhinah a Gurugu a 1991 yana duba matalauta kyauta, tun 1992 kuma yake aika dafaffen abinci kullum ga masu taɓin hankali da ke kwana a titi, har sankara ta ɗauke shi a 2016. A sunna ma, Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta kasance tana umurni da a dama wa majinyaci talbina, wani kunu na sha'ir, tana danganta hakan ga Manzon Allah, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Sai dai akwai gaɓar da al'amarin yake juyawa, kuma ya kamata 'yan jinya su san ta. In ciwo ya yi nisa, ramar da yake jawowa ba ta rashin abinci kaɗai ba ce, sinadaran da ƙarin da jiki suke fitarwa ne ke narkar da tsoka suna kashe sha'awar ci, har ya zamana ɗura ba ta mayar da abin da ya zube, sai dai ta ƙara amai da wahala. A irin wannan hali ne ruwayar Tirmizi mai hana tilasta wa marasa lafiya ci da sha take da muhalli: a miƙa abin da ransa yake so, kaɗan-kaɗan, a jiƙa masa leɓe, kada 'ya'ya su ɗauka ƙin cin mahaifinsu gazawarsu ce.

Saura himya, ina gurbinta? Gurbinta yana gaban ciwo, tun bai zo ba, kuma a arewacin Gana fuskarta ba ta sukari ba ce da farko. Sankarar hanta tana cikin waɗanda suka fi kashe maza a ƙasar, galibi kuwa a shekarun ƙarfinsu, kuma manyan sabubbanta biyu sanannu ne: ciwon hanta nau'in B, wanda yawanci ake ɗauka tun ana jariri ko yaro, wanda aka shigar da rigakafinsa cikin allurar jarirai a Gana a 2002, saboda haka waɗanda aka haifa kafin nan gwajin jini ne kaɗai zai gaya musu halin da suke ciki, da kuma dafin fumfuna da ake kira afalatoksin, wanda aka gano bayan talotalo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 daga cin tunkuzar gyaɗar Birazil. Wannan fumfuna gyaɗa da masara take kamawa in an shanya su a ƙasa ko an zuba su rumbu da sauran danshi, kuma in dafin ya haɗu da ciwon hanta a jiki ɗaya hatsarin ninkuwa yake yi. Al'adar da aka saba a gidajen manoma da yawa ita ce a tsince kyawawan ƙwayoyi a kai kasuwa, a bar motsattsu da masu baƙi-baƙi domin miyar gida da ƙuli-ƙuli, alhali a cikin waɗannan dafin ya fi taruwa, dafuwa da suya kuwa ba sa kashe shi.